Battlefield 2142: Wasan da Turawa Suka Yi Gudun Hijira Zuwa Afirka

A watan Oktoban 2006 kamfanin DICE da ke birnin Stockholm na ƙasar Suwidin ya fitar da wasan kwamfuta mai suna Battlefield 2142, kamfanin Electronic Arts na Amurka kuma ya yi dillancinsa. Wasan yaƙi ne irin wanda mai wasa ba ya ganin jikinsa, sai bakin bindigarsa da abin da ke gabansa, tamkar shi ne sojan. Mutum har 64 kan haɗu a fage ɗaya ta intanet, su rabu gida biyu su gwabza.

Abin da ya fi ɗaukar hankalin matasan lokacin shi ne makamai: motocin yaƙi masu takawa da ƙafafu biyu kamar jimina, da wani makeken jirgi mai shawagi a sama da ake kira Titan. Sai an ƙwace rumbunan makamai masu linzami a ƙasa, an yi wa jirgin abokan gaba luguden wuta har garkuwarsa ta karye, kana a kutsa cikinsa a tarwatsa injinsa. Mu kuwa labarin da aka gina wasan a kansa ne ya tsaya mana a rai.

An ƙaga cewa a 2106 wani matsanancin sanyi ya sauka, ƙanƙara ta fara cinye arewacin duniya, gonaki suka mutu. A 2139 ƙawancen ƙasashen Asiya, da Rasha a ciki, ya afka wa Tarayyar Turai domin sauran ƙasar da ake iya zama a kanta. Minsk ta faɗi, Berlin ta bi baya, aka ja daga a Verdun, inda Faransa da Jamus suka zubar da jinin gaske a 1916. Daga nan Turawa suka tattara nasu ya nasu suka haye teku. A fagen da ake kira Camp Gibraltar, sansanin 'yan gudun hijirar Turai ne ake karewa. Bayansa yaƙin ya gangaro mashigin Suwez da tashar jiragen ruwan Tunis.

Mu duba shekarar da kyau. A 2006 ɗin ne 'yan Afirka fiye da 30,000 suka isa tsibiran Kanari na Sifaniya cikin kwale-kwale daga gaɓar Senegal da Muritaniya, waɗansu kuma suna bin Agadas suna keta Sahara. Shekara ɗaya kafin nan an rasa rayuka a shingen Ceuta da Melilla. Ana cikin wannan hali wasu mutane a Suwidin suka zana duniyar da reshe ya juye da mujiya, Bature ne ke neman mafaka a kudu.

Sai dai ko a mafarkin nan ba a ba mai masauki bakin magana ba. Labarin ya ambaci wata tarayyar ƙasashen Afirka a matsayin ƙawar Turai, amma babu mai wasan da zai iya sa kakinta. Ƙasar tamu ce, rigimar tasu. DICE ta saba da haka tun wasanta Battlefield 1942 na 2002, mai fagagen El Alamein da Tobruk. A yaƙin gaske kuwa, rundunar Leclerc da ta tashi daga Chadi ta ci Kufra a watan Maris 1941, akasarin mayaƙanta 'yan Afirka ne.

Wasan bai kai ko kusa da shekarar da ya ɗauki sunanta ba. A 2014 aka rufe GameSpy, wanda ke haɗa 'yan wasa ta intanet, fagagen suka yi tsit. Masoyansa suka farfaɗo da shi da kansu a ƙarƙashin wani shiri mai suna Revive, har zuwa watan Oktoban 2017 da Electronic Arts ta nemi su daina rarraba shi, suka rufe.