Daga Auduga Zuwa Rama: Zaren da Ke Riƙe Birki

Takalmin birki haɗi ne na abubuwa goma zuwa ashirin, a cuɗa su da ƙaron fenol, a matse da zafi, a gasa. Zare ne ke riƙe haɗin kada ya farfashe, kuma a kansa mu masu wannan sana'a muka fi shekara ɗari muna jayayya.

Da auduga aka fara. A 1897 Herbert Frood, a yankin Derbyshire na Ingila, ya jiƙa saƙar auduga da kwalta ya ɗaura wa birkin keken doki, daga nan kamfanin Ferodo ya samo asali. Amma auduga ba ta jure wuta. Zafi na kaiwa digiri 150 sai ta fara babbakewa. Da motoci suka ƙara gudu, a 1908 Frood ya koma saƙa asbestos da wayar tagulla.

Matasan da ke shigowa fagen yau da ɗokin duk abin da aka ce "na halitta" ne sukan manta cewa asbestos ma daga ƙasa ake haƙo shi. Ga araha, ga jure zafi, ga rashin cin faifan birki. Ta fuskar aiki ba a taɓa samun kamarsa ba. Sai dai ƙurarsa kisa take yi. A 1960 binciken Wagner a Afirka ta Kudu ya danganta shi da ciwon dajin rufin huhu, a 1964 Selikoff ya ƙara tabbatar da illarsa a Amurka. Makaniken da ke buɗe gangar birki ya hure baƙar ƙurar da iska, ba shi da labarin abin da yake shaƙa. Tarayyar Turai ta kammala haramta shi a 2005. Amurka kuwa ta yi doka a 1989, kotu ta rushe mafi yawanta a 1991, sai a 2024 aka haramta farin asbestos.

Babu zare guda da ya gaje shi, dole aka riƙa haɗa-haɗa: zaren ƙarfe mai ƙara da cin faifai, zaren gilashi, zaren dutse, sai aramid, wato Kevlar ɗin da Stephanie Kwolek ta gano a DuPont a 1965. A hannu kamar rawayar auduga yake, mai gashi-gashi. Kaso biyu ko uku cikin ɗari ya isa ya kama garin haɗin kada mai nauyi ya zauna ƙasa kafin a matse, kuma ba ya lalacewa sai zafi ya haura digiri 400. Matsalarsa tsada.

Tsadar nan ce ta sake juyo da hankali ga tsirrai: rama, zaren kwakwa, ɓawon ƙwarar kwakwar manja, waɗanda jami'o'in Najeriya ma sun yi bincike a kansu. Ina son aikin nan ya yi nasara, shi ya sa ba na ɓoye aibinsa. Zaren tsiro yana shan danshi, ba ya kama ƙaro sosai sai an wanke shi da sodar sabulu, kuma daga digiri 200 zuwa 300 yake fara rugujewa, alhali birkin tirela a doguwar gangara ya wuce nan nesa. Idan zare da ƙaro suka soma ƙonewa, direba zai taka ya ji mota na ci gaba da tafiya.

Duk da haka tsiro bai taɓa barin birki ba: garin da ake yi da man ɓawon kashu ya daɗe a cikin haɗinmu yana daidaita kamu. A ganina gurbin rama yana nan a babur da keke-napep, ko ta maye wani kaso na aramid a ƙaramar mota. Amma ƙaramin gutsure da aka goga a ɗakin gwaji bai isa hujja ba. A ɗora cikakken takalmin a injin gwajin birki, a taka shi a jere har ya yi zafi, a jiƙa shi da ruwa a sake takawa, a kuma auna ƙurar da yake fitarwa.