Tarihin diyya a ƙasar Gaya: wanda ya yi ɓarna shi ke biya

Yau za mu yi magana bisa wata doka wadda ta shafi manomi da makiyayi, da direba da mai jirgin ruwa, da tela da magini. Dokar ita ce: duk abin da ke hannunka, dabba ce ko mota ko kayan wani, kai ke da alhakin kula da shi. In ka yi sakaci wani ya cutu, kai za ka biya. Mun zaɓi Gaya don misali, domin gari ne na bakin Kwara, Malanbil ta ƙasar Benin tana tsallaken ruwa, Kamba ta Nijeriya kuma ba nisa.

Tun farko ku bambanta tara da diyya. Tara hukuma ke karɓa, horo ce ga mai laifi. Diyya kuwa ta wanda aka yi wa ɓarna ce, don a mayar masa da abin da ya rasa. Maganarmu ta yau bisa diyya take.

Kafin zuwan Nasara

Ƙasar Gaya ta fi sauran ƙasar Nijar samun ruwan sama. Akwai gero da dawa da shinkafa da rake, ga giginya a Dallol Mauri. Da kaka ta yi, makiyaya sukan gangaro da dabbobi neman ruwa da ciyawa. Inda gona da garke suka haɗu, ba a rasa ɓarna. In haka ta faru, sai a kai magana gaban mai gari ko sarki, a kira ardo, dattawa su je su ga gonar da idonsu, su kimanta dami nawa aka ɓata, a biya.

Malamai kuma suna da nasu littattafai na mazhabar Maliki. A cikin Muwaɗɗa ta Imamu Malik akwai labarin taguwar wani sahabi, Bara'u ɗan Azib, wadda ta shiga lambun wani ta yi ɓarna. Hukuncin da Manzon Allah, tsira da aminci su tabbata gare shi, ya yanke shi ne: da rana mai lambu ke tsaron lambunsa, abin da dabbobi suka ɓata da dare kuwa masu su ke biya. Risala, wadda Ibn Abi Zaid ya rubuta a Ƙairawan cikin ƙarni na 10, ta ɗora wa mai jan dabba da mai korarta da mahayinta alhakin abin da ta taka. Ta kuma ce masu sana'a, kamar tela da marini, su ke lamunin kayan da aka kai musu aiki in sun ɓace a hannunsu. Kun ga ke nan wannan doka ta riga Bature zuwa.

Zamanin mulkin mallaka

A 1804, zamanin Napoleon, Faransa ta tattara dokokinta na zaman jama'a cikin kundi guda. Ayoyi biyar na wannan kundi su suka shafe mu. Aya ta 1382 tana tilasta wa wanda ya cuci wani da laifinsa ya gyara. Aya ta 1383 ta haɗa da sakaci da ganganci, ko da mutum bai yi niyya ba. Aya ta 1384 ta ɗora wa mutum alhakin waɗanda ke ƙarƙashinsa, wato ƴaƴansa ƙanana da yaran aikinsa da masu koyon sana'a wurinsa, da kuma kayan da ke hannunsa. Aya ta 1385 ta dabbobi ce. Aya ta 1386 ta gini ce, in ya rushe don rashin gyara.

Amma talakan Gaya bai ci moriyar wannan kundi ba a lokacin. Dokar 10 ga Nuwamba 1903 ta kafa wa baƙar fata na Afirka ta Yamma gidajen shari'a dabam, inda ake bin al'ada, kumandan kuma yana bisa kai. Kundin na Turawa ne da ƴan kaɗan da aka ba matsayin ɗan Faransa.

Sai mota ta zo da sabuwar tambaya: in mota ta buge mutum, ba wanda ya ga laifin direba, wa zai biya? A 1930 babban gidan shari'a na Faransa ya yanke hukunci bisa wata yarinya da motar kaya ta buge. Ya ce mai motar zai biya ko ba a nuna laifinsa ba, sai fa in ya tabbatar wani abu ne daga waje, wanda ba mai iya hangowa ko karewa, ya jawo haɗarin.

A Ingila ma an yi irin wannan. Wata mata ta ce ta tarar da ruɓaɓɓen dodon koɗi cikin kwalbar abin sha da aka sayo mata. A 1932 manyan alƙalai suka ce mai yin kaya wajibi ne ya kula da lafiyar wanda zai yi amfani da su, ko da ba su taɓa ciniki ba. Alƙalan Nijeriya suna aiki da wannan hukunci. Benin kuwa, kamar mu, hanyar Faransa ta gada.

Bayan samun mulkin kai

A 1958 aka buɗe gadar Gaya zuwa Malanbil, manyan motoci suka yawaita. Ran 3 ga Agusta 1960 Nijar ta samu mulkin kai. Doka mai lamba 62-11 ta 16 ga Maris 1962 ta haɗe gidajen shari'a, kowa ya zama ɗaya gaban alƙali. Ta bar aure da saki da gado da rikicin gonar da ba ta da rajista ga al'ada, sauran kuma ga doka rubutacciya. An sake wannan doka a 2004 da 2018, amma rabon bai canza ba.

Don mai mota kada ya ce ba shi da abin biya, aka tilasta inshora, wadda muke kira asirans. A 1982 a Kwatano ƙasashen Afirka ta Yamma suka ƙirƙiro kati na musamman don motar da ta yi haɗari a wata ƙasa. A 1992 a Yawunde Nijar da Benin da wasu ƙasashe suka sa hannu bisa dokar asirans guda, wadda ta fara aiki a 1995. Kai direba, kafin ka tsallaka iyaka, tambayi wanda ya yi maka takarda ko tana aiki inda za ka.

A 2023 aka rufe gadar, mutane da kaya suka koma jiragen ruwa. Mai jirgi ya sani: wanda ya shiga jirginsa amana ne. In ya yi lodi fiye da kima jirgi ya kife, sakaci ne, diyya tana kansa.

Gona da garke

Ɓarnar da ba a sasanta ba takan zama jini. A watan Oktoba 1991, a Toda ta jihar Maradi, faɗan manoma da makiyaya ya ci ran mutum kimanin 100. Ran 2 ga Maris 1993 gwamnati ta fitar da dokar karkara mai lamba 93-015, wadda ta kafa kwamitocin kula da filaye. Ran 20 ga Mayu 2010 aka ƙara dokar kiwo mai lamba 2010-029. Hukuma ke tsai da ranar sakin gonaki kowace shekara. Makiyayin da ya shiga gona kafin ranar ya ɗauki alhaki. Manomin da ya nome burtali shi ma ya karya doka. Kuma sai an gwada sulhu gaban sarki kafin a je gaban alƙali.

Abin da za ku riƙe

Mai neman diyya abu uku zai nuna: an yi masa ɓarna, akwai wanda alhakin ke kansa, kuma abin da wancan ya yi ko ya ƙi yi shi ya jawo ɓarnar. Kada ka ɗauki sanda. Kira shaidu tun sawun dabba bai goge ba. In haɗarin mota ne, kira jandarma ko ƴan sanda su rubuta, ka kuma karɓi takardar likita. In an yi sulhu, a rubuta shi, ka karanta kafin ka sa hannu. A da dattawa ke riƙe magana a ka. Yanzu takarda ke riƙe ta, kuma wanda bai iya karatu ba yakan dangwala yatsa bisa abin da bai yarda da shi ba. Saboda haka ku dage da zuwa ɗakin karatu, maza da mata.

Allah ya ba mu zaman lafiya. Sai sati mai zuwa.