Ganuwar Yakubu da Soron Babban Gwani

Ƙofar Ran, Ƙofar Wunti, Ƙofar Nassarawo, Ƙofar Wambai, Ƙofar Dumi: mutumin Bauchi kullum yana kiran sunayen nan idan zai yi wa baƙo kwatance, alhali ganuwar da aka huda ƙofofin a jikinta ta kusa zama labari. Malam Yakubu ɗan Dadi, Bageri, almajirin Shehu Usmanu Ɗanfodiyo, shi ya kafa birnin a 1809 bayan ya taso daga Inkil. Ya kewaye shi da ganuwar ƙasa mai tsawon fiye da kilomita 10, da ƙofofi tara.

Zamanin na yaƙi ne, kuma Yakubu jarumi ne na ji da gani. A 1827, da Shehu Laminu na Barno ya nufo Kano da rundunarsa, mayaƙan Bauchi ne suka tare shi suka mayar da shi gida. A irin wannan karo, 'yan lifidi ake sawa gaba. Lifidi tufa ce da ake cusa wa auduga a ɗinke ta gida-gida, a rufe doki da ita tun daga wuya har gwiwa, mahayi ma ya saka tasa, ya ɗora kwalkwali. Kibiya mai dafi sai ta maƙale a cikin audugar ba ta kai ga fata ba. Aibinsa nauyi da wuta: ɗan lifidi in ya faɗi da ƙyar yake tashi shi kaɗai, shi ya sa dakaru ke biye da shi. Sulke kuwa, rigar zobban ƙarfe da aka sarƙe, ta Sahara fatake ke kawo shi daga wajen Masar, sai manyan barade ke iya mallakarsa. Tarihin Kano ya ce tun zamanin Sarki Kanajeji aka san kayan nan a ƙasar Hausa. Yau sai a hawan Sallah ake ganinsu.

Bayan rasuwar Yakubu a 1845, Ningawa suka matsa wa masarautar da hare-hare daga arewa, garuruwan ribaɗi irin su Kafin Madaki suka zama garkuwar birni. Abin sha'awa, a wannan bakin daga ne aka yi ɗaya daga cikin gine-ginen da suka fi suna a ƙasar Bauchi. Muhammadu Durugu, wanda ake wa laƙabi da Babban Gwani, maginin masallacin Juma'a na Zariya a zamanin Sarki Abdulkarimu, shi ya gina wa Madakin Bauchi soro a can, har yau ana kiran soron da sunansa.

Wanda ya shiga ya ɗaga kai zai gane dalilin laƙabin. Babu ƙarfe, babu siminti. Tubali ne da aka mulmula da hannu, sai azarar giginya wadda gara ba ta ci. Magini yakan jera azara a cikin ƙasa, kowace ta ɗan zarce ta ƙarƙashinta, a ɗaure da igiya, har bakan gizo ya tashi daga bango ya haɗu da ɗan'uwansa a tsakiyar rufi, a yi ɗaurin guga. Waje kuma a shafe shi da makuba don ruwan damina. Ciki sanyi ƙalau ko da rana ta take. A 1956 aka sa gidan cikin kayan tarihin ƙasa.

Ginin ƙasa yabe yake so duk shekara, kuma maginan da suka iya ɗaurin guga sai raguwa suke yi. Ya kamata masarauta da gwamnatin jiha su nemo waɗanda suka rage, su haɗa su da ɗaliban zanen gine-gine na Jami'ar Abubakar Tafawa Ɓalewa, tun hannayen da suka san aikin suna da ƙarfi.