Tsarawa da adana hotunan taro

Tsarawa da adana hotunan taro shi ne jerin ayyukan da mai ɗaukar hoto ke yi bayan ya dawo daga biki, taron ƙara wa juna sani, gasar wasanni ko hawan sallah da ɗaruruwa ko dubban hotuna a katin kyamararsa. Aikin ya ƙunshi kwashe hotunan zuwa kwamfuta, sa musu suna, tace su, rubuta bayanansu, da yin kwafin ko-ta-kwana. Abin da ya bambanta hoton taro da na situdiyo shi ne ba a maimaita shi. Idan katin da ke ɗauke da hotunan ɗaurin aure ya lalace kafin a kwafe shi, babu yadda za a sake tara mutanen.

Yawan hotunan ma matsala ne. Fayil ɗin RAW na kyamara mai megafiksel 24 yakan kai megabait 25 zuwa 30, don haka hotuna 2,000 za su ci wajen gigabait 50 zuwa 60. Bikin da ake yi kwanaki a jere, daga kamu zuwa walima, yakan ninka wannan.

Kwashewa daga kati

Lokacin da ya fi haɗari shi ne tsakanin ɗaukar hoto da yin kwafi na biyu, domin a sannan hoton yana wuri ɗaya tak. Shi ya sa kyamarori da yawa na ƙwararru ke da gurbin kati biyu, ana rubuta kowane hoto a kansu lokaci guda. Wajen kwashewa, kwafa ake yi, ba a yanke fayilolin daga katin ba, kuma ba a yi wa katin fomat sai an tabbatar hotunan sun isa wurare biyu lafiya. Ana tabbatarwa da lissafin tantancewa irin su MD5 ko SHA-256, wanda ke fitar da lamba ta musamman daga abin da ke cikin fayil. Idan lambar kwafin ta saɓa da ta asali, to wani abu ya lalace a hanya, wataƙila saboda ɗauke wuta ko wayar haɗi marar kyau.

Suna da folda

Yawancin kyamarori suna bin ƙa'idar DCF ta masana'antun Japan: hotuna na shiga folda mai suna DCIM, kuma sunan kowane fayil haruffa huɗu ne da lambobi huɗu, kamar IMG_0001. Lambar tana ƙarewa a 9999 sannan ta koma farko. Saboda haka hotuna biyu daban suna iya samun suna ɗaya, musamman idan mutum biyu sun yi aiki da kyamarorin kamfani ɗaya a taro guda. Idan aka zuba su a folda ɗaya cikin gaggawa, ɗaya zai iya danne ɗaya.

Maganin da aka saba shi ne sauya sunan tun wajen kwashewa, a fara da kwanan wata bisa tsarin ISO 8601, wato shekara, wata, rana, misali 2023-12-16_kamu_0001. Amfanin wannan tsari shi ne kwamfuta na jera fayilolin bisa lokaci da kanta. Ga masu rubutu da Hausa akwai ƙarin abin lura: haruffa masu lanƙwasa (ɓ, ɗ, ƙ) suna aiki a manhajojin zamani masu amfani da Unicode, amma tsofaffin na'urori da wasu manhajojin matse fayil kan mayar da su alamomi marasa ma'ana. Ya fi sauƙi a bar sunan fayil da haruffa zalla, a kai cikakken rubutun cikin bayanin hoton.

Bayanan cikin hoto

Kowane hoton dijital yana ɗauke da bayanai a cikinsa. Na Exif, wanda aka fara fitarwa a 1995, kyamara ce ke rubuta shi: lokaci, samfurin kyamara, saurin ɗauka, wani lokaci har da wurin da aka ɗauka. Na IPTC, wanda ya fito daga kamfanonin dillancin labarai, mutum ne ke cika shi da taken hoto, sunan mai ɗauka, haƙƙin mallaka da kalmomin nema. Adobe ta ƙirƙiro XMP a 2001, kuma da shi ake ajiye irin waɗannan bayanai a ƙaramin fayil kusa da na RAW.

Idan kyamarori da yawa za su yi aiki tare, ana daidaita agogonsu kafin taro, in ba haka ba hoton cin abinci zai iya zuwa kafin na addu'ar buɗewa. In an manta, manhajar ExifTool ta Phil Harvey na iya matsar da lokacin hotuna dubu a umarni ɗaya. Kalmomin nema kuwa suna buƙatar a tsaya a kan rubutu ɗaya. Wanda ya rubuta Muhammad a wannan hoto, Mohammed a wancan, zai sami rabin abin da yake nema ne kawai.

Ana tacewa da manhajoji irin su Photo Mechanic da Lightroom, ko digiKam da darktable waɗanda kyauta ne, ta hanyar sa taurari ko launi a kan hotunan da aka zaɓa.

Ƙa'idar 3-2-1

Ƙa'idar da ta fi shahara wajen kwafin ko-ta-kwana ita ce 3-2-1, wadda ake dangantawa da Peter Krogh, mai ɗaukar hoto ɗan Amurka, marubucin The DAM Book da ya fara fitowa a 2005. Ma'anarta kwafi uku, a kan nau'in ma'ajiya biyu, ɗaya daga cikinsu a wani wuri daban. Kwafin da ke nesa shi ne kariya daga gobara, ambaliya da sata, waɗanda kan tafi da kwamfuta da faifan da ke gefenta tare.

Akwai abubuwa biyu da ake yawan ɗauka a matsayin kwafin ko-ta-kwana alhali ba shi ba ne. Na farko RAID, inda faifai biyu ko fiye ke aiki tare. Yana kare mutuwar faifai ɗaya, amma fayil ɗin da aka goge bisa kuskure yana gogewa a dukkansu. Na biyu manhajojin da ke daidaita waya da ma'ajiyar intanet: abin da aka goge a nan zai goge a can. A iCloud, misali, hoton da aka goge yana zaman kwana 30 ne kafin ya ɓace gaba ɗaya.

Sharuɗɗan ma'ajiyar intanet ma suna canzawa. A 2019 Flickr ta taƙaita asusun kyauta zuwa hotuna 1,000, sannan daga 1 ga Yuni 2021 Google Photos ta daina ajiya kyauta marar iyaka, sababbin hotuna suka koma cikin gigabait 15 na asusun Google. Inda data ke da tsada, wasu masu hoto kan ɗora zaɓaɓɓun JPEG kaɗai a intanet, su ajiye fayilolin RAW a faifai na biyu a wani gida.

Hoton da aka tura ta WhatsApp a matsayin hoto ana matse shi kuma ana cire masa bayanan Exif, don haka ba ya maye gurbin na asali sai dai in an tura shi a matsayin fayil. Faifan ajiya shi ma yana tsufa, saboda haka ana buɗe shi lokaci-lokaci a gwada dawo da wasu hotuna, kuma a kwashe komai zuwa sabon faifai bayan 'yan shekaru.