Ɗaliban da Suka Sake Kafa Makarantar Zane ta Zariya

A takarda, makarantar zane ta Zariya ta soma ne a 1955, lokacin da aka ɗauko sashen koyar da zane na Kwalejin Fasaha da Kimiyya ta Nijeriya daga Ibadan aka kawo shi Zariya. Amma a ganina ba ta samu ruhinta ba sai a 1958, shekarar da wasu ɗalibai, cikinsu har da Uche Okeke da Demas Nwoko da Bruce Onobrakpeya da Yusuf Grillo, suka kafa ƙungiyarsu. Abin da ya ishe su shi ne manhajar da malamai Turawan Ingila suka zo da ita, wadda ke koya musu zanen Turai kamar dai ba a taɓa sassaƙa ko zana komai a ƙasarsu ba. Matsayar da Okeke ya rubuta musu a 1960, shekarar samun mulkin kai, ita ce a riƙe dabarun zamani a haɗa su da zanen gargajiya. Ƙungiyar ta watse a 1961, kwalejin kuma ta koma Jami'ar Ahmadu Bello a 1962, amma irin da suka shuka ya tsira nesa: Okeke ya ɗora koyarwa a Nsukka kan zanen uli na Ibo, Grillo kuma ya jagoranci sashen zane a Yaba.

Wani zai ce, Zariya ƙasar Hausa ce, to ina Bahaushe a wannan labari? Tambayar tana da nauyi. Yawancin waɗannan ɗalibai ƴan kudu ne, kuma gadon garuruwansu suka fi waiwaya, alhali ga masallacin Juma'a da Babban Gwani ya gina tsaye a cikin birni, ga zanen dagi a bangon gidaje, ga aikin dukawa da masu ɗinkin riguna. Wannan giɓi ne na gaske, kuma yana damuna. Sai dai laifin ba na matsayar ba ne, domin ta bai wa maginin ƙasa da mai zanen ƙwarya matsayin malami a aji. Ƙarancin ƴan Arewa a makarantun boko na lokacin ne ya sa ba a sami masu yawa da za su ɗauki nasu gadon su shiga da shi ba. Duk da haka abokin karatunsu Jimo Akolo ya dubi inda yake zaune, ya zana makaɗin Hausa.