Wa Zai Tambayi Minista? Waiwaye Kan Majalisar Jihar Arewa

Galibinmu a wannan ƙungiya mun san Malam Abubakar Tafawa Ɓalewa ta fuska biyu, marubucin Shaihu Umar da kuma Firayim Ministan Nijeriya na farko. Amma akwai wani aiki nasa na uku da ba mu cika ambata a tarurrukanmu ba, wato batun da ya kawo gaban Majalisar Wakilai ta Jihar Arewa a Kaduna cikin watan Agusta na 1950. A ganinmu, ba a sake yi wa masu mulki tambaya mai nauyin wannan a majalisar ba har ranar da soja suka rufe ta. Abin mamaki kuwa shi ne, sa'ad da aka yi ta babu minista ko ɗaya a Arewa.

Al'adar tsayar da minista a gaban wakilan jama'a ya ba da amsa daga Ingila muka aro ta. A can minista ɗan majalisa ne, a cikin 'yan'uwansa yake zama, kuma kowane wakili yana da ikon rubuta masa tambaya kan aikin ma'aikatarsa, a sa rana ya tashi ya amsa. Idan amsar ba ta gamsar ba, mai tambaya ya ƙara wata nan take, wadda ministan bai shirya mata ba, kuma nan ne ake gane na ƙwarai. Tun 1861 suka kafa kwamiti na musamman mai bin diddigin kuɗin gwamnati bayan an kashe su. To, wannan riga ce aka ɗinka a Landan aka kawo mana, saura mu ga yadda ta zauna a jikinmu.

Tsarin mulkin Gwamna Richards, wanda ya fara aiki a 1947, shi ya ba Arewa majalisu biyu, ta Sarakuna da ta Wakilai. Ta Wakilan ba ta da ikon yin doka, shawara kurum take bayarwa. Razdan-Razdan na zaune a ciki, 'yan ƙasa kuwa yawancinsu En'e ce ta turo su. Cikin irin wannan majalisa ne malamin makaranta daga Bauci ya miƙe ya nemi a naɗa hukuma mai zaman kanta ta binciki tsarin mulkin En'e baki ɗaya. Ya soki yadda doka ta tara iko duka a hannun sarki shi kaɗai, ya yi maganar cin hanci da karɓar gaisuwa, da yadda talaka bai san haƙƙinsa ba balle ya nema. Mai karatu ya tuna cewa a wancan zamani En'e ita ce gwamnatin da talaka ya sani. Ita ke karɓar haraji da jangali, ita ke da 'yan doka da kotun alƙali da gidan yari, ita ke gina makarantar elementare da ɗakin shan magani, ita ke haƙa rijiya da share hanyar rani. Saboda haka wanda ya taɓa En'e ya taɓa komai.

Da aka jefa ƙuri'a batun ya wuce da ƙyar, da ratar ƙuri'a ɗaya. Turawa ba su ba da hukuma mai zaman kanta yadda ya nema ba, sai suka sa jami'ansu biyu, Maddocks da Pott, suka zaga larduna suka rubuta rahoto. Duk da haka ƙofa ta riga ta buɗe. A 1952 aka yi dokar da ta ce sarki ya yi mulki tare da majalisarsa, a 1954 kuma aka yi babbar dokar En'e. Kada mu manta, a wannan wata na Agusta ɗin ne, ran 8 ga wata, aka kafa jam'iyyar NEPU a Kano. Wato koke ɗaya ne ya fito ta baki biyu, ɗaya cikin majalisa da ladabi, ɗaya a bakin kasuwa da zafi.

Ministoci sun zo a 1952, ƙarƙashin tsarin mulkin Gwamna Macpherson. Sardaunan Sakkwato Ahmadu Bello ya fara da Ma'aikatar Ayyuka, daga baya aka ba shi kula da En'e-En'e, a 1954 ya zama Firimiya. Makaman Bida Aliyu ya riƙe ilmi, daga baya ya koma kuɗi. Daga nan wakili ya sami wanda zai nuna da yatsa. Kuma an yi tambayoyi, ba a rasa ba. Wanda ya buɗe littattafan muhawarar majalisar zai tarar da su cike da bukatun karkara: rijiya, gada, asibiti, makaranta, farashin gyaɗa da auduga. Da Hausa da Ingilishi ake magana a zauren na Lugard Hall, saboda haka wanda bai yi boko mai zurfi ba bai zama kurma ba. Lokacin da ya fi zafi shi ne zaman kasafin kuɗi, gab da sabuwar shekarar kuɗi da ke farawa ran 1 ga Afrilu, inda ake bin kason kowace ma'aikata ɗaya bayan ɗaya, wakili ya nemi a rage wani ɗan abu kaɗan daga kason, ba don yana son ragin ba, sai don ya sami damar amayar da abin da ke cikinsa.

To, ina gizo yake saƙa? Mu dubi masu tambayar tukuna. Zaɓen 1951 hawa-hawa aka yi shi, daga ƙauye zuwa gunduma har zuwa lardi, kuma a matakin ƙarshe En'e na da ikon cusa nata mutane cikin masu zaɓe. Shi ya sa NEPU, wadda ta yi rawar gani a matakin farko a birnin Kano, ta tashi ba ta da kujera. Waɗanda suka isa Kaduna mafi yawansu hakimai ne da 'yan majalisar sarki da ma'aikatan En'e, kuma haka abin ya ci gaba ko bayan an koma zaɓen kai tsaye. Ministocin ma daga can suka fito, sarautunsu kaɗai sun isa shaida: Sardauna, Makama, Wali, Madawaki. Yanzu a ce rijiyar wani ƙauye ta rufta shekara biyu ba a gyara ba. Wakilin yankin ya tambayi minista, minista ya ce wannan aikin En'e ne. Wakilin kuwa albashinsa a baitulmalin wannan En'e ɗin yake, wataƙila ma shi ne hakimin ƙasar. Zai koma gida ya tuhumi wa? Bakin da ya ci shi ke godiya. Sa'an nan manyan sarakuna irin su Sarkin Musulmi Abubakar na III da Sarkin Kano Sanusi suna cikin majalisar zartarwa a matsayin ministoci marasa ofis. Ga kuma wani giɓi da ba a cika lura da shi ba: matan Arewa, waɗanda su ke goyon yara zuwa ɗakin shan magani, ba su da ƙuri'a duk tsawon wannan zamani.

'Yan hamayya sun shigo bayan zaɓen 1956, ƙarƙashin jagorancin Ibrahim Imam na Barno, wanda dā shi ne babban sakataren NPC kafin ya fice a 1954. Mutum ne mai kaifin harshe, ya kuma san sirrin gidan da ya baro. Sai dai su 'yan kaɗan ne, kuma wanda ya yi magana da ƙarfi a Kaduna ya san 'yan doka da alƙalin En'e na jiran magoya bayansa a gida. Malam Aminu Kano kansa bai taɓa zama a wannan majalisa ba, ta Tarayya a Ikko ya shiga a 1959. Zuwa zaɓen 1961, NPC ta kwashe fiye da kashi 90 cikin 100 na kujeru. Bugu da ƙari majalisar ba ta zama sai na 'yan kwanaki, yawancin shekara zauren a kulle yake.

Maganar raya tattalin arziki ta fi wannan sarƙaƙiya, don manyan kuɗin ba a cikin ma'aikatu suke ba. Hukumar cinikin amfanin gona ta jiha, wadda aka kafa a 1954, ita ke yanke farashin gyaɗa da auduga, ta saya ta hannun dillalai masu lasisi, ta sayar a ƙasashen waje, rarar kuma a zuba a hukumar raya jiha. Ba za mu yi butulci ba, an ga abin da aka yi da dukiyar manoma: masaƙar Kaduna ta fara aiki a 1957, an kafa Bankin Arewa, an buɗe Jami'ar Ahmadu Bello a 1962. Amma wa aka ba lasisin saye? Wa aka ba rance, wa ya biya? Me ya sa manomi ke karɓar abin da bai kai farashin duniya ba? Bisa al'adar da muka aro, minista na iya cewa harkar yau da kullum ta irin waɗannan hukumomi ba tasa ba ce, ta shugabanninsu ce. Shugabannin kuwa ba sa tsayawa gaban majalisa a wannan matsayi. Sai bayan juyin mulki ne gwamnatin soja ta Hassan Usman Katsina ta sa aka binciki hukumomin biyu.

Don kada a ce Arewa kaɗai muka sa wa ido, mu leƙa Gabas. A 1956 wani ɗan majalisar jihar, E. O. Eyo, wanda ɗan jam'iyyar gwamnati ne kafin su ɓata, ya zargi Firimiya Azikiwe da sa kuɗin jama'a kusan fam miliyan 2 a bankin da yake da hannu a ciki. Ko can ma majalisa ba ta iya tattauna batun ba, sai da Landan ta naɗa kwamitin Foster-Sutton. Rahoton ya ga laifin Azikiwe, shi kuwa ya rushe majalisa ya koma ga masu zaɓe a 1957, ya sake cinyewa. Abin lura a nan, sai da na cikin gida ya yi fushi sa'an nan aka ji.

A Arewa babban binciken da aka yi wa wata En'e shi ne na Kano. A 1962, da baitulmalin En'e mafi arziki a jihar ya shiga halin ƙaƙa-ni-ka-yi, gwamnati ta naɗa D. J. M. Muffett shi kaɗai ya bincika. Sakamakonsa Sarki Sanusi ya yi murabus a 1963 ya koma Azare. Masana tarihi sun daɗe suna ja-in-ja kan ko gyara ne ko kuwa rikicin manya tsakanin Kaduna da Kano. Abin da ya shafe mu shi ne daga sama umarnin ya sauko, ba daga kujerun wakilai ya taso ba, alhali shekara da shekaru 'yan NEPU na kukan yadda ake da kuɗin haraji, mawaƙansu na rerawa, ana ɗaure su.

Ran 15 ga Janairu 1966 aka kashe Sardauna, aka tafi da Tafawa Ɓalewa aka kashe shi, majalisu duka suka rufe. Gyaran ƙananan hukumomi na 1976 ya ƙarasa binne En'e. Da farar hula suka dawo a 1979 sai aka ɗauko tsarin Amurka, inda minista ko kwamishina ba ɗan majalisa ba ne, ba ya zama a zaure kullum a jefa masa tambaya, sai dai majalisa ta tantance shi kafin naɗi, ko kwamiti ya aika masa sammaci. A zauren nan na Lugard Hall aka fara gwada ƙarfin sabon tsarin: majalisar Jihar Kaduna, mai rinjayen NPN, ta yi ta ƙin amincewa da kwamishinonin Gwamna Balarabe Musa na PRP, wanda ya soke haraji da jangali, har ta tsige shi cikin watan Yuni na 1981 bai taɓa samun kwamishina ko ɗaya da za a yi wa tambaya ba.

Ga masu sha'awar rubuta ƙagaggen labari ko wasan kwaikwayo kan wancan zamani, littattafan muhawarar majalisar suna nan a ma'ajiyar tarihi ta ƙasa da ke Kaduna da kuma Gidan Arewa, haka nan tsofaffin kofen Gaskiya Ta Fi Kwabo, wadda editanta Abubakar Imam shi ma ya zauna a majalisar bayan zaɓen 1951. A ciki za a ji yadda hakimi ke lallaɓa tambaya don kada ta ɓata wa sarkinsa rai, da yadda minista ke amsa ta cikin jimla ɗaya a wuce zuwa ta gaba.