Benaye Ba 'Yan Haya: Yadda Bashin Gini Ya Durƙusar da Texas

A watan Janairun 1988 an kwashe kwana huɗu ana buga gwanjo a wani zaure a birnin Houston. Kayan da aka baje ba na ƙaramin mutum ba ne: siradan dawaki, bindigogi, zane-zanen bango, kujeru da darduma da kwanukan azurfa. Mai kayan na wurin shi da matarsa Nellie, suna kallo ana tayawa ana sallamawa. John Connally ke nan, tsohon gwamnan jihar Texas, wanda ke cikin mota ɗaya da Shugaba Kennedy ranar da aka harbe shi a Dallas a 1963, shi ma harsashi ya same shi amma yana da sauran shan ruwa. Ya riƙe ma'aikatar kuɗin Amurka a zamanin Nixon, har sa hannunsa ya hau takardun dala. Bashin da ake binsa ya haura dala miliyan 90. Abin da gwanjon ya tara bai kai miliyan 3 ba. Dokar jihar ce ta bar masa gidan zamansa da eka 200 na gonarsa.

A watan nan dai Dakta Denton Cooley, likitan da ya fara dasa wa ɗan Adam zuciyar roba a 1969, ya je kotu ya ce shi ma ya karye. Abu guda ne ya haɗa gwamnan da likitan: dukansu sun ci bashi sun zuba a filaye da gine-gine.

In ka tambayi mutanen jihar abin da ya same su a shekarun nan, amsar da za ka fi ji ita ce man fetur ya faɗi. Haka ne, ya faɗi. Sai dai ni a ganina faɗuwar mai rauni ta yi wa Texas, bashin gini ne ya kwantar da ita. Shekara huɗu cur tsakanin ranar da kasuwar mai ta juya da ranar da ta rushe, kuma a cikin shekarun nan huɗu aka haƙa ramin da aka faɗa.

Kakar ta fara ne a 1973, lokacin da ƙasashen Larabawa suka hana Amurka mai, ganga ta tashi daga wajen dala 3 zuwa 12. Juyin juya halin Iran na 1979 ya sake ingiza ta har ta wuce dala 30. Abin da ya zama masifa ga jihohin arewacin Amurka masu masana'antu ya zama daminar Texas. Ma'aikatan kamfanonin ƙera motoci da aka sallama a Michigan suka riƙa sayen jaridar Houston ta ranar Lahadi don shafukan neman ma'aikata, su loda iyali a mota su nufi kudu. A ƙarshen Disambar 1981 injinan haƙar mai 4,530 ne ke aiki a faɗin ƙasar, adadin da ba a sake gani ba har yau. Bankuna na ba da rance bisa lissafin cewa ganga za ta kai dala 50 ko 60, wanda ya yi gardama a ce masa bai san kasuwa ba.

Houston ba ta da dokar da ke ware unguwar zama da ta kasuwanci, in kana da fili kana da mai ba ka bashi, ka gina abin da ka ga dama. A 1982 aka kammala benen bankin Texas Commerce mai hawa 75. Shekara ta zagayo aka buɗe na bankin Allied mai hawa 71, da na RepublicBank, da benen Transco mai hawa 64 da attajirin magini Gerald Hines ya kafa shi kaɗai can nesa da tsakiyar gari, fitilarsa na juyawa da dare.

Alhali tun 1982 hadarin ya haɗu. Farashin mai ya soma zamewa, ana ta kwance injinan haƙa. A watan Yulin shekarar wani banki da ke cikin rukunin kantuna a Oklahoma, Penn Square, ya rushe saboda bashin 'yan haƙar mai, kuma ya ja wa Continental Illinois na Chicago, ɗaya daga cikin manyan bankunan ƙasar, wanda sai da gwamnati ta tallafe shi a 1984. Gemun maƙwabci ya kama wuta a gaban idon kowa. Bankunan Texas suka ga mai ya zama abin tsoro, sai suka nemi inda za su kai kuɗin da ke hannunsu. Suka kai shi gini. Ba wanda ya tsaya ya tambayi wa zai shiga ofisoshin in kamfanonin mai suna rage ma'aikata.

Washington ma ta taimaka, ba da niyya ba. Akwai wasu ƙananan bankuna a Amurka da aikinsu tun asali shi ne karɓar ajiyar talakawa su ba da rancen sayen gida na shekara 30. Da babban bankin ƙasar a ƙarƙashin Paul Volcker ya ɗaga kuɗin ruwa sama don kashe tsadar kaya, sai waɗannan bankunan suka wayi gari suna biyan masu ajiya fiye da abin da suke samu daga tsofaffin rancensu. Maimakon a rufe waɗanda suka mutu, sai aka kwance musu dabaibayi. Dokar 1980 ta ɗaga inshorar da gwamnati ke yi wa ajiya daga dala 40,000 zuwa 100,000. Dokar 1982 ta ba su damar shiga rancen kantuna da ofisoshi, dokokin jihar Texas kuwa sun ma fi sassauci. Ga kuma dokar haraji ta 1981 da ta sa gini ya zama maɓoyar masu kuɗi: likita ko lauya ya sa hannun jari a bene, ko bene bai kawo ko sisi ba, asarar da aka rubuta a takarda ta rage masa haraji.

Duba yadda abin ke tafiya. Mai gini ya sayi ƙaramin banki a wani ƙauye. Ya sanar da cewa yana biyan kuɗin ruwa fiye da na kowa, dillalan New York su turo masa ajiya dunƙule-dunƙule, kowace dala 100,000, tun da gwamnati ta tsaya mata ba ruwan mai kuɗi da halin bankin. Ya ba abokinsa rancen da ya haɗa kuɗin fili, da na gini, da la'adar banki, har da kuɗin ruwan shekara biyu ko uku. Wato banki ya ba ka kuɗin da za ka riƙa biyansa da su. A littafi rancen lafiya lau yake, ba a taɓa makara ba, la'adar kuma an rubuta ta riba, an raba wa masu banki. In wa'adi ya cika a sabunta. In masu bincike na tafe, banki biyu su yi musayar ruɓaɓɓun basussukansu, abin da su da kansu suke kira musayar mushen doki da mushen saniya.

Inda abin ya fara wari shi ne gefen babbar hanya mai lamba 30, gabas da Dallas, kusa da tafkin Ray Hubbard. Wani tsohon mai fentin gidaje, Danny Faulkner, wanda ke yawan cewa bai iya karatu ba, ya haɗa kai da bankin Empire na garin Mesquite. Fili ɗaya sai a sayar da shi sau da yawa a yini guda tsakanin mutanen da suka san juna, kowane ciniki farashi ya ƙaru, a kan na ƙarshen banki ya ba da rance. Cikin shekara biyu Empire ya kumbura daga wajen dala miliyan 13 zuwa sama da miliyan 300. A watan Maris na 1984 aka nuna wa Edwin Gray, shugaban hukumar da ke sa ido kan irin waɗannan bankunan, hoton bidiyon wurin: layi-layin gidaje ba kowa, wasu ba rufi, katako na ruɓewa a rana, daɓen siminti shimfiɗe a fili ciyawa ta kewaye shi. Aka rufe Empire a watan. Daga baya katafila ta rushe da yawa daga gidajen, Faulkner kuma aka yanke masa shekara 20.

Gray ya nemi ya ja birki, bai ji da daɗi ba. Ofishin hukumar mai kula da yankin an ɗauke shi daga Little Rock zuwa Dallas a 1983, mafi yawan ƙwararrun masu sa idon suka ƙi bin sa. 'Yan siyasar jihar kuma, har da Jim Wright wanda ya zama kakakin majalisar wakilai a 1987, suna ta matsa lamba a sassauta wa mutanensu. A wannan tsakanin Don Dixon ya mayar da bankin garinsu, Vernon, aljihunsa: jiragen sama, jirgin ruwan shaƙatawa, yawon cin abinci a manyan gidajen abincin Faransa. Ranar da hukuma ta karɓe bankin a 1987, kashi 96 cikin ɗari na rancensa ba a biya.

Labarin su Dixon yana da daɗin bayarwa, shi ya sa ake yawan tsayawa a kansa. Amma ɓarayi ba su isa su kayar da jiha ba. Manyan bankunan Dallas da Houston, masu shugabanni 'yan kwat da ake girmamawa a coci da majalisa, su ma gini suka bi, a fili, bisa doka, kowa na tsoron kada maƙwabcinsa ya riga shi.

A ƙarshen 1985 Saudiyya ta gaji da rage haƙo ita kaɗai don tallafa farashi, ta buɗe famfo. Cikin 'yan watanni ganga ta faɗo daga wajen dala 27 zuwa kusan 10. A watan Yulin 1986 injinan haƙa 663 suka rage.  A shekarar dai majalisar Amurka ta sake dokar haraji ta toshe maɓoyar nan ta 1981, masu sa kuɗi a bene don gudun haraji suka watse dare ɗaya.

Houston ta rasa ayyukan yi sama da 200,000 tsakanin 1982 da 1987. Kusan kashi ɗaya bisa uku na ofisoshin Houston da Dallas ba mai haya, a Austin ma abin ya fi muni. Mutanen gari suka laƙaba wa sababbin benayen suna, masu shara-shara, don in rana ta yi yamma kana hango hasken wancan gefe ta cikin gilashi, ba bango ba tebur ba mutum. Masu benaye na ba da shekara guda ko fiye kyauta don dai a samu mai sa hannu.

Talaka kuwa a matakalar kotu ya ga nasa rabon. Dokar Texas ta ce gidan da aka kasa biyan bashinsa ranar Talatar farko ta kowane wata ake gwanjonsa a harabar kotun gunduma. A gundumar Harris, inda Houston take, lauyoyin bankuna kan tsaya da tarin takardu suna karanto adireshi bayan adireshi, sau da yawa ba mai tayawa sai bankin da ya ba da rancen. Birkila ko mai walda da ya zo daga Michigan ya sayi gida da tsada, yanzu ba aiki, kuma bashin da ke kan gidan ya fi kuɗin gidan. Da yawa ba su jira ranar Talata ba. A ajiye mabuɗi a kan teburin kicin, a ja ƙofa, a kama hanyar da aka zo. Kowane gidan da banki ya karɓe ya sayar da araha sai ya ƙara karya darajar na maƙwabta, su ma su shiga layi. A bayan motoci aka fara ganin takardar addu'a ta barkwanci, ana roƙon Allah Ya sake kawo kakar mai sau ɗaya tak, an yi alkawarin wannan karon ba za a ɓarnatar ba.

Sai manyan suka fara zubewa. Texas Commerce ya yi wa kansa ƙiyamullaili ya sayar da kansa ga Chemical na New York a 1987. RepublicBank da InterFirst na Dallas, kowanne na ɗingishi, suka haɗe a shekarar da fatan gurgu biyu za su yi mai ƙafa ɗaya. A watan Yulin 1988 haɗakar ta rushe da kadarorin sama da dala biliyan 30, hukumar inshorar ajiya ta miƙa ta ga NCNB na North Carolina. Allied ya koma hannun wani bankin California. MCorp ya faɗi a 1989, Bank One na Ohio ya kwashe. First City an ceto shi a 1988, ya sake mutuwa a 1992. Cikin manyan rukunan bankuna goma na jihar, Frost na San Antonio kaɗai ya fita da sunansa ba tare da tallafin gwamnati ko sabon ubangida ba. Ɗan kasuwar da ya saba shiga ofishin manaja su gaisa ya fito da rance, yanzu takardarsa sai ta je North Carolina ko Ohio, wurin wanda bai taɓa ganinsa ba.

Asusun inshorar bankunan rancen gida shi kansa ya ƙare. A watan Agustan 1989 Shugaba George Bush, wanda shi ma a harkar man Texas ya yi arziki, ya sa hannu a dokar da ta kafa hukumar RTC don ta kwashe gawarwakin. Kafin a rufe ta a 1995 ta karɓi bankuna 747 a faɗin ƙasar, ta yi ta gwanjon otal-otal, filayen wasan golf, kantuna da fulotai, sau da yawa a kan ɗan abin da bai taka kara ya karya ba. Waɗanda ke da tsabar kuɗi a hannu a lokacin sun yi arzikin da ba su taɓa mafarki ba. Masu biyan haraji, har da na jihohin da ba su ga ko bulo ɗaya ba, sun ɗauki wajen dala biliyan 124. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

Benayen suna nan. Na Texas Commerce yanzu sunan JPMorgan Chase yake ɗauke da shi, na Allied ya zama Wells Fargo Plaza, Transco ya koma Williams. Na RepublicBank, mai jan dutse da tsinin rufi irin na tsofaffin gidajen Holan, ya amsa sunan NCNB, ya amsa NationsBank, ya amsa Bank of America, daga 2019 kuma sunan wani kamfanin bututun mai na Kanada aka liƙa masa.